Sunan da Umma Ta Kasa Kira

Ƙamshin ganyen darbejiya ne ya tashe ni ranar sunan. Tun kafin rana ta leƙo katangar gidanmu a Madabo, Umma ta ɗora babbar tukunyar wankan jego, tururinta mai ɗaci-ɗaci ya cika tsakar gida, ya shigo har ɗakina ta ƙarƙashin labule. Can da hantsi sai ya haɗu da ƙaurin kan ragon da ake babbakawa a ƙofar gida. Har yau in na wuce wani lungu na ji waɗannan biyun a haɗe, sai gabana ya faɗi, kamar za a sake tambayata ra'ayina a kan wani abu, ni kuma in sake bayarwa da sauri.

Mu huɗu ne a gidan a lokacin: Umma, da Yaya, da matarsa da nake kira Anti, sai ni auta. Baba ya rasu ina sakandare, yayyena mata biyu kuma sun yi aure sun tafi. Yaya tela ne, yana da ɗan shago a wajen Ƙofar Mata. Anti marainiya ce, ba ta da uwar da za ta koma wa wankan gida, don haka da haihuwarta ta fari ta zo, Umma ta ce ba inda za ta je, ita ce uwarta.

Kwana shidan farko ban taɓa ganin Umma cikin irin wannan farin ciki ba. Ita take wanke jaririyar safe da yamma, ita take gasa mata cibi da tsumma mai ɗumi, ita take shafa mata man kaɗanya tana lanƙwasa mata ƙafafu tana yi mata zance. Baƙuwa take ce mata. In baƙuwa ta yi hamma, sai Umma ta kira mu mu zo mu gani. Anti ta taɓa yi min raɗa tana dariya cewa anya za a bar mata 'yar nan kuwa, sai in nono ya tashi ake tunawa da ita.

Da safen bakwai maza suka taru a zaure, aka raba goro da dabino, aka yi addu'a, sannan Yaya ya aiko ciki da sunan. Sunan Umma ya sa mata. Mata suka rangaɗa guɗa, Umma ta rufe fuska da gefen mayafinta, ta ce wannan yaro bai ji magana ba, sunaye sun ƙare ne. Amma muna ganin kuncinta yana motsi a bayan mayafin.

Sunan Umma shi ne sunan uwar bil'adama ta farko. Kuma tunda sunan Umma ne, babu mai iya kiransa a gidan. Yaya ba zai tsaya a tsakar gida ya ƙwala sunan mahaifiyarsa ba, Anti ba za ta ambaci sunan surukarta ba, ni ma haka. Dole a nemo wa yarinya alkunya, sunan da za a riƙa kiranta da shi kullum, na yankan ya zauna a takarda. Wannan aikin mata ne, kuma da yamma ake yinsa, a tsakanin zuba tuwo da rabon ƙauri, ba tare da kowa ya ɗauke shi wani babban al'amari ba.

Shekarata goma sha tara, ina shekarar farko a kwaleji, ina karanta adabi. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki, kuma rabinsu a kan teku suke, alhali ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da ya fi girma da na taɓa gani shi ne wani dam da aka kai mu daga makaranta, sai kududdufin bayan unguwa. A taswira na san Bahar Maliya, siririya kamar an tsaga ƙasa da wuƙa, da ɗan ɗigo a gefenta an rubuta Jidda. Ina son kalmar tun ina ƙarama. Ina jin tana da nauyi a tsakiya, inda harshe yake ɗan tsayawa kafin ya saki, kamar jirgin ruwa ya taɓa gaɓa.

Umma ta je aikin hajji tun tana amarya, kafin a haife mu, shekarar da kasuwar Baba ta yi kyau ya tafi da ita da mahaifiyarsa da yayarsa. Ina yarinya na sha tambayarta yadda teku yake. Amsarta ɗaya ce kullum: ba ta ga wani teku ba, zafi ta gani da jira. Takan ba da labarin Makka, takan ba da na Madina har idonta ya ciko, amma in labari ya biyo ta Jidda sai ta ce “inda jirgi yake sauka” ta wuce. Na ɗauka salon maganarta ne kawai.

To da mata suka fara jefo sunaye, wata ta ce Ummi, wata ta ce Mama, wata ta ce Hajiya Ƙarama, sai na ajiye tiren da ke hannuna na ce a lungunmu kaɗai akwai Ummi biyar, in ka ce Ummi a ƙofar islamiyya rabin aji ne zai juyo. Na ce me zai hana a ce mata Jidda.

Nan fa zance ya tashi. Wata ƙawar Anti ta ce wallahi ya yi, yana da daɗi a baki, ga shi na zamani. Wata tsohuwa daga ƙarshen lungu ta ce ba wani zamani, tun tana yarinya ake kiran masu wannan suna haka, saboda an ce a garin kabarin mai sunan na asali yake. Mai kitson unguwarmu, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta ce ita dai ba ta ga dalilin da za a ɗauko gari guda a ɗora wa yarinyar da ba ta fi ƙwarya ba.

“In an haifi na gaba sai a sa masa Zariya,” in ji ta, “in riƙa kai ziyara a ƙafa.”

Aka yi dariya. Anti tana zaune a bakin gado, ta sha lalle, ta gaji, ta sunkuya ta gwada sunan a kunnen jaririyar a hankali. Ta ɗago ta yi min murmushi.

Umma tana bakin murhu tana kwasar miya. Na ga ludayin ya tsaya a sama, miya tana ɗiga. Ba ta juyo ba ta ce, “A bar Ummin mana.”

Na yi dariya na ce Umma tsohon yayi take so, ita da ta taka garin da ƙafarta ai ita ya kamata ta fi kowa murna. Mata suka goya min baya, suna tsokanarta wai ƙyashi take don an ba takwararta gari ita ba a ba ta ko ƙauye ba. Umma ta ci gaba da kwasar miyarta.

Gwaggo, yayar Baba, ba ta iso daga Ƙofar Mazugal ba sai bayan la'asar, saboda ciwon ƙafa. Kafin ta zauna sunan ya riga ya zagaya gidan, yara suna ta maimaita shi. Ta tambayi wanda ya zaɓa, aka nuna ni. Ta ce in kama mata hannu zuwa ɗakin Umma za ta yi salla. Da muka shiga ba ta nemi darduma ba.

“Auta, wa ya aike ki?”

Na ce ba kowa. Ta ce garin nan ba garin zama ba ne, wucewa ake yi ta cikinsa, kowa da jakarsa a hannu, ba a sa wa yarinya irin wannan. Ta ce a canja tun bai zauna ba. Ni kuwa na tsaya ina kawo mata hujjoji kamar ina gaban malamin aji: cewa sunan tsoho ne, cewa ko matar liman tana da jika mai shi, cewa ƙofa ce ta ƙasa mai tsarki. Na ce in akwai wani dalili a gaya min. Gwaggo ta buɗe baki, sannan ta dubi ƙofa. Umma ce tsaye a bakin labule da kwanon abincin Gwaggo. Na ga Umma ta girgiza kai kaɗan, sau ɗaya. Gwaggo ta sauke numfashi.

“Shi ke nan,” ta ce. “Allah ya raya.”

Na fito ina jin na ci nasara.

Umma ta cika wa Anti kwana arba'in ɗinta cif, ba ta taɓa fashin wanka ba, ba ta taɓa barin kunun kanwa ya huce ba. Amma washegarin suna ta miƙa min bahon wankan jaririyar ta ce wuyan hannunta yana ciwo, in koya, wata rana zai yi min amfani. Daga ranar ba ta sake wanke ta ba. Ba ta goya ta. In Anti ta ɗora mata ita a cinya don ta shiga banɗaki, Umma za ta riƙe ta da kyau, amma fuskarta tana kallon bango, kuma da Anti ta fito za ta miƙa ta. Baƙuwa ta ɓace daga bakinta. Ta koma “yarinyar nan”, wani lokaci ma “waccan”. Sunan kuwa ana kiransa a tsakar gida sau hamsin a yini, da ƙarfi, da waƙa, da tafi, kuma duk sanda aka kira sai Umma ta sami abin da za ta ɗauko a ɗaki.

Abin ya ɗaure mana kai, domin Umma ba mai yawan kara da kawaici ba ce a kan 'ya'ya. A unguwarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta yi sosai har ya girma. Umma kuwa gatsau take kiran Yaya da sunansa na yanka, daga tsakar gida har zaure, ta ja masa kunne, ta zuba masa abinci a kwanonta. Matan Madabo sun daɗe suna yi mata tsiya a kai, suna cewa Hajiya ta baro kunyarta a Makka. Takan yi murmushi kawai. Ni kuma ina alfahari da hakan, ina gaya wa ƙawayena cewa uwata wayayya ce. Matar da ke haka da ɗanta, me zai sa ta riƙa kau da kai daga jikarta, mai sunanta?

Kuma ba wai ta manta da ita ba ne. Ta saƙa mata hula da safa, ta ba ni ta ce in ce ni na saya. In yarinyar ta yi tari sau biyu, Umma ce ta farkon ji, sai ta ce min in gaya wa uwarta ta daina barin yarinyar nan a iska. Komai sai ya bi ta hannuna, kamar su biyun suna zaune a unguwanni daban-daban ni ce mai kai saƙo.

Anti ta yi haƙuri wata da watanni kafin ta yi magana. Wata rana muna tsince wake ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko don mace ta haifa ne. Na ce haba. Ta ce ko don ba ta da kowa ne, an san ba mai zuwa ya tambayi ba'asi. Ta ce ita ba ta damu da kanta ba, ta saba, amma ba ta so 'yarta ta tashi a gidan da take miƙa hannu ana juya mata ƙeya. Wannan maganar ta zauna min. Yaya ya taɓa zuwa ya durƙusa a ɗakin Umma ya tambaye ta ko an yi mata wani laifi, ta ce masa laifin me, ta hana yarinyar abinci ne? Ya fito yana murza hularsa. Daga lokacin ya fara cewa ɗaki ɗaya ya yi musu kaɗan, wani abokinsa yana da gida a wajen gari.

Na yi tunanin in gyara abin da waƙa, don a lokacin na yarda waƙa tana gyara abubuwa. Na rubuta wata doguwa a kan yarinyar da aka haifa a cikin ganuwa, nesa da kowane ruwa, amma sunanta yana ɗauke da gishiri da jiragen ruwa da mutanen da suka iso bayan doguwar tafiya. Na zauna kusa da Umma tana tankaɗen gari na fara karanta mata. Sunan yana dawowa a ƙarshen kowane baiti. A baiti na uku ta ajiye rariyar, ta miƙe da ƙyar, ta shige ɗaki. Kaji suka zo suka hau garin, ni kuma ina zaune da littafi a buɗe.

A ranar na fara zargin cewa sunan ne. Sai na yi shawara ni kaɗai in janye shi. Na fara kiran yarinyar Ummi, na roƙi Anti ita ma ta gwada. Amma ta riga ta kai wata takwas, kuma ta san sunanta kamar yadda ta san nono. Ka ce Ummi har ka gaji, ko gezau. Ka ce Jidda ko da raɗa ne, sai ta saki duk abin da ke hannunta ta juyo da dukan jikinta tana dariya. Yaya yakan tsaya a zaure in ya dawo daga shago ya kira sau ɗaya, sai mu ji rarrafenta tana nufarsa. Maƙwabta suna zuwa gwadawa don nishaɗi. Bayan mako guda na haƙura. A cikin raina ma na ji daɗi da ta ƙi.

Abin ya faru a cikin azumi, tana da shekara ɗaya da wata huɗu, ta fara tafiya tana tangaɗi. Ni na dama kunun tsamiya na buɗa-baki, na juye shi a babban kwano yana tafasa, na ajiye a tsakar gida kusa da turmi. Na shiga ɗaki ɗauko murfi. A ɗakin na ga littafina a kan gado, wani layi da ya ƙi min tun safe ya faɗo min, na ce bari in rubuta kafin ya gudu. Anti tana bayan gida tana shanya. Umma tana kan tabarma a inuwar katanga da carbinta, gwiwoyinta sun kumbura a shekarar, ba ta iya tashi sai ta dafa abu.

Na ji muryarta. “Ke. Ke yarinya.” Sannan da wata irin murya da ban taɓa ji daga gare ta ba: “Ke!”

Na fito bakin ƙofa. Yarinyar tana tafiya wajen kwanon, hannayenta a miƙe, tana son kama tururin. Umma ta sauko daga tabarma tana rarrafe a kan gwiwoyin nan nata, carbin ya tsinke a ƙasa, bakinta a buɗe, leɓɓanta suna rawa kamar mai son furta abin da ya maƙale. Na ƙwala sunan. Amma hannun ya riga ya shiga har gwiwar hannu. Abin da ba na mantawa shi ne ta juyo. Ta juyo ta dube ni da fuskar nan tata ta amsa kira, kafin zafin ya isa gare ta.

Ba mu sha ruwa a gida ba ranar. A asibiti aka wanke, aka naɗe, aka ce Allah ya taƙaita, yatsun za su yi aiki amma tabo zai zauna. Washegari da hantsi muka dawo, muka tarar da Umma a inda muka bar ta, a kan tabarmar, kwanon kunun yana nan ya daskare ba wanda ya taɓa. Anti ta ba Yaya yarinyar, ta zo ta durƙusa a gaban Umma kamar mai gaisuwa. Ba ta ɗaga murya ba.

“Umma, taku huɗu ne tsakaninta da kwanon nan. Ina jin ki daga bayan gida. Sau uku kika ce ke. Da sau ɗaya kika kira sunanta, da ta juyo.”

Umma ta dubi hannun da aka naɗe, karo na farko da na ga ta dubi yarinyar kai tsaye tun ranar suna.

“Haka ne,” ta ce.

Na jira ta ƙara wani abu. Yaya ma ya jira. Na so in ce ni na bar kwanon a buɗe, ni na tsaya rubutu, kuma daga baya na faɗa, sau da yawa, amma ba wanda ya riƙe wannan. Kowa ya san ana barin kwano a buɗe. Abin da ba a taɓa ji ba shi ne kaka ta ga jikarta tana nufar wuta ta kasa kiranta.

Mako ɗaya bayan salla Yaya ya kwashe iyalinsa zuwa wajen gari. Ya zo sallama, Umma ta sa masa albarka, ta kira shi da sunansa kamar kullum, ta ce ya kula da ƙofar gida a sabon wuri. Da amalanken kayan ƙarshe ya fita daga lungu, na tsaya a kanta, ni da ban taɓa ɗaga mata ido ba, na ce, “Umma, sunan kika tsana ko yarinyar?”

Ta daɗe tana kallon inda igiyar shanyar Anti take.

“Ba wanda na tsana, Auta. Kin yi la'asar?”

Mu biyu muka rage a gidan. Na gama kwaleji, na fara koyarwa, na daina rubuta waƙar teku. Sunan da na so ya koma min wani abu dabam. In na ji shi a rediyo lokacin jigilar alhazai, sai in rage murya in saci kallon Umma. In na ji wata uwa tana kiran 'yarta da shi a kasuwa, sai in waiwaya in ga ko yarinyar ta juyo. Na yi fushi da Umma shekaru, fushi mai shiru, irin wanda ake yi ana zuba wa mutum ruwan alwala. Na yanke a raina cewa taurin kai ne: ta ce Ummi, an ƙi, shi ne ta riƙe.

Yaya yana zuwa duk Juma'a shi kaɗai. Anti da yarinyar sai da salla. Yarinyar ta tashi tana tsoron Umma, tana ce mata Hajiyar cikin gari, tana laɓewa a bayan zanen uwarta. Umma takan tanadi alawa da ɗan kunne tun saura wata guda, ranar kuma ta ba ni ta ce in ba yarinyar nan.

Bayan tashinsu, sau ɗaya na ga sun taɓa juna. A ciwon ajalin Umma ne, yarinyar tana da shekara shida. An kawo ta gaisuwa, ta tsaya a bakin gado tana wasa da gefen hijabinta. Umma ta miƙa hannu ta kamo nata, ta ture hannun rigar sama, ta bi tabon da babban yatsanta tun daga wuyan hannu har gwiwa, a hankali, ta sake dawowa.

“Takwara, ya daina zafi?”

Yarinyar ta ce ita ba ta ma tuna ba. Umma ta ce to madalla. Anti tana tsaye a bakin ƙofa, ta juya ta fita tsakar gida. Bayan kwana tara Umma ta rasu, ba ta kira sunan ba.

Shekara uku bayan haka na haifi ɗana na fari. Ba ni da uwar da zan koma wa, sai Gwaggo ta ce a kawo ni Ƙofar Mazugal. Ta tsufa sosai, ba ta iya ɗaga tukunya, amma tana zama a kujera 'yar tsugunno tana ba jikokinta umarni, ganyen darbejiya yana tafasa a gefenta. Wata safiya bayan suna, na fito daga wanka na ji jaririn yana kuka, sai na kira shi da sunansa tun daga tsakar gida. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce yaran zamani ba kunya, ɗan fari guda ake kira haka kamar mai tallan gyaɗa. Na yi dariya na ce gado na yi, ai Umma ma haka take kiran Yaya.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta kori jikokinta, ta ce in zauna. Ta ce ta yi wa uwata alkawari, amma mai alkawarin ta tafi, ita ma tana hanya, kuma ta gaji da ganina ina ɗauke da abin da ban san ko mene ne ba.

Ta ce shekarar da suka je hajji, Umma tana da ciki, na farko. An riga an gama shirin tafiya kafin a gane, sai aka ɓoye shi a ƙarƙashin manyan mayafai, ko maƙwabta ba su sani ba. Ta yi ɗawafi da shi, ta yi Arfa da shi. A hanyar dawowa, suna zaman jiran jirgi a Jidda cikin zafi, naƙuda ta zo mata, cikin yana wata bakwai. Mace ce. Ta yi kwana uku. Baba da wasu mutum biyu suka kai ta, Umma tana kwance a gadon asibiti, kuma kafin ta iya miƙewa jirginsu ya zo, ba a nuna mata ko inda kabarin yake ba. Da suka dawo ba a gaya wa kowa ba, ba da daɗewa ba kuma Baba ya sayi gidan Madabo suka tashi.

“Ba ta kai bakwai ba, ba a yanka mata rago ba,” in ji Gwaggo. “Mahaifinku in zai ambace ta sai ya ce Jidda. Ni ma haka nake ce mata. Ba ta da wani sunan. Uwarku kuwa ba ta taɓa faɗa ba, ko sau ɗaya. Ta yaya za ta faɗa? 'Yar farinta ce.”

Yaya na biyu ne.